Izinin bincike a kan iyakar Ƙonni da Illela: ƙofofin da muka bi daga Yamai

Tun da muka kammala aikinmu na Ƙonni, ɗalibai masu shirin digiri na uku da 'yan ƙungiyoyi suke ta zuwa wurina da tambaya iri ɗaya: idan mutum yana son yin bincike a kan iyaka tare da abokan aiki na wata ƙasa, daga ina zai fara, wa zai gani, wace takarda ce ke gaba da wace? Mu ma da tambaya da sintiri muka gano hanyar, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tamu ta kasance, ko wani zai huta da rabin wahalar. Mu ƙaramin rukuni ne na masu binciken zamantakewa a Yamai. Abokan aikinmu malamai ne a wata jami'a ta arewacin Najeriya, kuɗin kuma wata gidauniya ce ta Turai ta bayar. Abin da muka sa a gaba shi ne halin da ƙananan 'yan kasuwa suka shiga tsakanin Birnin Ƙonni da Illela bayan an rufe iyaka an sake buɗewa: masu albasa, masu dabbobi, mata masu kai kayan miya da tabarmi, da 'yan kabu-kabun da ke ɗaukarsu.

Ni ɗan Ƙonni ne, don haka batun ba baƙo ba ne a gare ni. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500. Faransa da Ingila suka shata ta, suka kakkafa duwatsun alama tsakanin 1906 da 1908, ta raba Gobir biyu, ta raba Katsina da Maraɗi. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san kasuwar Laraba ta Ƙonni da kasuwar Lahadi ta Illela mutane ɗaya ne ke cin su. To amma cikin shekara biyar an rufe wannan hanya sau biyu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ya sake rufe ta, sai a Maris na 2024 ɓangarorin biyu suka buɗe. A tsakani kuma Najeriya ta cire tallafin man fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi warwas, lissafin 'yan canji da 'yan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba duk ya rikice. Ana ta maganar nan a rediyo, amma ba mu ga inda aka zauna da mai buhu biyar na albasa aka rubuta abin da ya same shi ba.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani: alkawarin da kuka yi da abokinka malami ta waya ba takarda ba ce. Kowane ofishi muka shiga daga baya, tambayar farko ita ce ina yarjejeniyar da shugabannin cibiyoyinku suka sa wa hannu. Ita muka fara, ita ce kuma ta fi cin lokaci. An rubuta ta da Faransanci da Ingilishi, domin hukumominmu da nasu kowa da harshen aikinsa, mu kuwa duk tattaunawarmu da Hausa muke yi, kuma a nan ne muke gane inda rubutun biyu suka saɓa. Mun kai ta wurin tafinta mai rantsuwa wanda hukuma ta san hatiminsa. Da shafi yake caji, fassarar yarjejeniyar da takardun da ke biye da ita ta ci mana fiye da jika ɗari na sefa, kuma ba mu sa wannan a kasafin farko ba, daga aljihu muka fitar kafin a maida mana.

A kan sharuɗɗa uku muka daɗe. Na farko, mallakar bayanai. Daftarin da masu ba da kuɗi suka aiko ya ce duk muryoyin da aka ɗauka da duk amsoshin tambayoyi za a tura su ma'ajiyarsu ta intanet, su kuma za su iya bai wa wanda suka ga dama. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin mutanen da za su yi mana magana 'yan'uwanmu ne, wasunsu kuma abin da za su faɗa yana iya jawo musu fitina. Muka tsaya kai da fata cewa ɗanyen bayani zai zauna a hannun cibiyoyin biyu, abin da zai fita waje sai an goge sunaye da duk alamar da za a gane mutum da ita. Sai da aka yi ta kai da kawowa kafin su amince. Na biyu, sunayen da za su fito a kan abin da za a wallafa, har da na ɗaliban da za su yi aikin fili, domin mun sha ganin an gode wa ɗalibi a layi ɗaya bayan shi ya sha ranar. Na uku, kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka namu lissafin ba ya motsi. Na abokanmu kuwa kullum sauyawa yake yi. Muka rubuta cewa za a biya su kashi-kashi, da farashin ranar da kuɗin ya shiga asusun jami'arsu. Ba don wannan layin ba da zumuncin ya samu tangarɗa.

Da yarjejeniya ta samu hannu biyu da hatimi biyu, sai muka haɗa dosiye na neman izinin bincike daga ma'aikatar ilimi mai zurfi da bincike. A ciki muka sa wasiƙar shugaban cibiyarmu zuwa ga minista, taƙaitaccen bayanin aikin da manufarsa, tambayoyin da za mu yi, sunayen duk masu aikin da kofin katin shaidarsu, tarihin karatun jagororin, wuraren da za mu je da watannin da za mu yi, kofin yarjejeniyar, da bayanin inda kuɗin ya fito. Kofin da ake son a tabbatar da ingancinsu mun kai an buga musu tambur da hatimi. Kuɗin kowane ɗaya ba yawa, amma idan mutanenka sun kai goma za ka ji a jikinka. A ofishin karɓar wasiƙu na tarar da wata dattijuwa gaban babban littafin rajista mai baƙin bango, tabarau a karan hanci, tana jan layi da rula kafin ta rubuta kowace shigowa. Ta juya takardun ɗaya bayan ɗaya, ta buga hatimi a kan kofin wasiƙar, ta rubuta lamba da kwanan wata da jan biro, ta miƙo mini. Ta ce, "Ɗana, wannan lambar ita ce dosiyenka. In ka dawo kada ka ce mini ni ne mai binciken iyaka, ka ce mini lamba kaza." Na ce, "To Hajiya, Allah ya saka da alheri." Na ɗauki hoton takardar a waya tun kafin in fita ƙofa.

Ita ce kuma ta ja hankalina ga sunayen wurare. Illela biyu ce: akwai ta jihar Sakkwato da ke bakin iyaka, akwai tamu ta jihar Tawa. Wanda zai karanta dosiyenka a Yamai tamu zai fara kawowa a ransa. Ka rubuta kowane gari da gundumarsa da ƙasarsa, kuma ka sa duk inda kake zaton aiki zai kai ka, domin izini ba ya wuce wuraren da aka ambata a cikinsa. Mu mun sa Ƙonni da Tsarnawa da Galmi, saboda albasar Galmi ce ke cika motocin da ke bin hanyar. Aka ba mu shawara kuma mu tuntuɓi hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, idan za mu yi tambayoyi gida-gida da yawa, da hukumar kare bayanan sirrin mutane tunda za mu ɗauki murya. Namu hira ce ta zaune da mutane ƙalilan, amma mun je mun yi bayani, mun nuna yadda za mu adana bayanan, kuma na gwammace hakan da a tare ni da tambayar a fili.

Jiran ya ɗauki makonni. Dosiye irin wannan yana bi ta hannu da yawa kafin ya kai teburin sa hannu, kuma a yanayin tsaron da ake ciki ba abin mamaki ba ne a duba aikin da ya shafi iyaka sau biyu. Nakan leƙa lokaci-lokaci da lambata, in gaisa, in ji inda ta kai. Ba zan ɓoye ba, akwai daren da na kasa barci, domin agogon masu ba da kuɗi yana tafiya, damina kuma tana matsowa, lokacin da manoma ba su da sararin zama da kai.

Amma abin da muka yi a cikin jiran nan shi ne ya fi amfanar aikin, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Maimakon mu naɗe hannu, muka rubuta wasiƙun neman ganawa zuwa ga hukumomin da iyaka ce aikinsu. Akwai hukumar kula da iyakoki ta ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971, hedikwatarta kuma nan Yamai take, amma ɗalibanmu da yawa ba su taɓa taka ƙofarta ba. Ba izini muka je nema ba, mun je ne mu ce ga abin da muke shirin tambaya, ku me kuke son sani wanda ba ku da hanyar saninsa? Wani jami'i mai furfura ya karanta tambayoyinmu har ƙarshe, ya ajiye, ya ce, "Malam, kun tambayi abin da suka yi asara, ba ku tambayi ta inda labari ke isa gare su ba. Mu nan mukan fitar da sanarwa, amma ba mu san ranar da take kaiwa kunnen mai jaki ba, ko a wace siffa take kaiwa." Wannan tambayar ta zama kashi guda na aikin, kuma ita ce ta fi haifar da abin da hukuma za ta iya aiki da shi.

Shi ne kuma ya tuna mana cewa batun yana da gindi a doka. Tarayyar Afirka ta kafa shirinta na iyakoki a 2007, tana kuma bikin ranar iyakoki kowace 7 ga Yuni. Yarjejeniyarta ta haɗin gwiwa tsakanin yankunan kan iyaka, wadda aka amince da ita a Malabo a 2014, sunan Yamai take ɗauke da shi, domin a nan ministoci suka zauna a kanta a 2012. Nijar kuma ta warware rikicin iyakarta da Benin a 2005, da Burkina Faso a 2013, a kotun duniya ta Hague, ba da bindiga ba. Da muka sa waɗannan a gabatarwar aikinmu, sai wasiƙunmu na gaba suka daina kama da roƙon alfarma. Sauran lokacin mun yi shi a ɗakunan karatu na cibiyoyin binciken zamantakewa biyu, IRSH da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni da LASDEL, inda muka tarar an yi aiki mai yawa a kan fatauci tsakanin ƙasashen biyu, musamman hanyar Maraɗi, Katsina da Kano. Wanda ya tafi fili bai karanta waɗannan ba zai maimaita abin da aka sani tun kafin a haife shi.

Ranar da izinin ya fito na yi kofinsa da yawa, asalin kuma na sa shi a leda. Cibiyarmu ta ba kowa takardar aike mai sunansa da inda za shi da kwanakin tafiya. A nan akwai abin da ke ruɗar mutane. Motar da ta tashi daga Yamai za ta bi ta Dosso da Dogon Dutsi ta iso Ƙonni kafin Tawa, sai mutum ya ga kamar ya sauka kawai ya fara aiki. Kada ka sauka. Ka wuce Tawa tukuna, domin Ƙonni a ƙarƙashinta take, kuma parfe, wato shugaban gunduma, zai so ya ga hatimin ofishin gwamna a bayan takardarka kafin ya sa nasa. Kuɗin kar, wato babbar motar haya, daga Yamai jika goma da 'yan kai ne a lokacin ga kowane mutum, ga masauki, ga komawa Ƙonni, tafiyar kilomita fiye da 100. A Tawa mun yi bayani a gaban babban sakatare, aka buga mana hatimi, aka kuma faɗa mana ƙarara yankunan da ba a so mu kusanta. Abokiyar aikinmu Baturiya da ta so zuwa sai ta haƙura ta tsaya Yamai, domin sharuɗɗan rakiyar jami'an tsaro sun fi ƙarfin kasafinmu, kuma mun san hira ba za ta yiwu ba da soja tsaye a bakin rumfa.

A Ƙonni muka fara da parfe, shi ya haɗa mu da shugabannin jandarma da 'yan sanda da duwan (kwastan), kowa muka bar masa kofin izini da lambar wayar jagoranmu. Daga nan ofishin magajin gari, inda a lokacin shugaban riƙo ne, tunda an rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024. Sai fada. Mun cire takalma, mun durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka zo da aikin makaranta, muna neman albarka." Muka ajiye goronmu kamar yadda aka saba. Ba a tambaye mu takarda ba, an tambaye ni ɗan wane gida ne, da abin da talakawa za su samu. Aka haɗa mu da wani bafade ya kai mu wurin sarkin kasuwa da shugabannin dillalai. Takardar minista tana hana a kama ka, amma wannan rakiyar ce ta sa aka yi mana magana.

Ko da hakan, ba nan take aka saki jiki ba. Akwai wani Alhaji, fatoma ne mai saukar da fatake, rumfarsa cike da buhunan albasa an jera su kan itace don iska ta ratsa, warin waɗanda suka fara ruɓewa yana tashi daga kusurwa, yaro yana tsince su yana jefawa a kwando. Ya dubi na'urar ɗaukar murya a hannun ɗalibina, ya ce, "Malam, wannan abin duwan za a kai wa ko 'yan jarida?" Na ce, "Alhaji, ko ɗaya. In ba ka so, a mayar da ita jaka." Aka mayar. Sai da aka sha shayi zagaye biyu ya fara ba mu labarin motocin da suka kwana a layi lokacin rufewa har kayan suka narke, da bashin manoman da har yanzu yake biya. Daga ranar muka tsayar da ƙa'ida: neman yarda da baki, da Hausa, a gaban shaida, ba sa hannu a takarda ba, domin sa hannu yana tsorata mutane, ba ma rubuta suna, ba ma tambayar kowa ta wace ɓarauniyar hanya ake fito. Wannan ba aikinmu ba ne, kuma sanin sa nauyi ne da ba ma son ɗauka.

Izinin Nijar a shingen duwan yake ƙarewa. Ɗaya gefen abokanmu ne suka bi nasu hanyoyin, daga jami'arsu zuwa ƙaramar hukuma, hakimi, da jami'an shige da fice. Muka raba aiki, kowa ya yi hira a ƙasarsa da tambayoyi iri ɗaya, mu haɗu lokaci-lokaci mu kwatanta. Duk ranar da za mu tsallaka mukan sanar da 'yan sandan iyaka tun da wuri, mu riƙe katin shaida da takardar aike da wasiƙar gayyata daga jami'arsu. Sau biyu ƙasa ta motsa a ƙarƙashin aikin. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi irin su gero, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, sai hirar kasuwa duk ta koma kan wannan, dole muka ƙara tambayoyi. Sannan ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, mutane suka shiga tambayar wace takarda ce za ta ci gaba da aiki. Abin da ya cece mu shi ne wani sharaɗi a yarjejeniya da ya ba mu damar sauya jadawali da tambayoyi ta hanyar musayar wasiƙa kawai, ba sai an koma teburin shugabanni ba. Duk mai aikin iyaka ya sa irin wannan.

Da muka gama, Ƙonni muka fara kai sakamakon kafin Yamai, kafin masu ba da kuɗi. Aka taru a wani zaure, dillalai da mata 'yan kasuwa da 'yan kabu-kabu a gefe, wakilan parfe da duwan da fada a gaba, muka yi bayani da Hausa. Abin da ya fi fitowa shi ne mutane ba su san abin da doka ta ce su biya ba, da abin da ba ta ce ba, kuma labarin rufewa ko hani yakan iso su ta bakin direbobi da WhatsApp, a gurguje, rabi gaskiya rabi ƙari. Wata Hajiya ta miƙe ta gyara mana, ta ce mun raina asarar mata, domin su jarinsu na adashi ne, in ya karye babu mai ba su bashi. Mun koma mun gyara babin. A wurin aka nemi a riƙa liƙa kuɗaɗen da ake biya a bakin shinge da Hausa, boko da ajami, a kuma riƙa karanta sanarwa a gidajen rediyon yankin. Wannan muka sa a takarda mai shafi biyu da Faransanci, muka kai wa jami'an da muka gana da su tun farko. Sun karɓe ta da hannu biyu, domin tambayarsu ce a ciki.

Ga wanda zai bi wannan hanya, a ganina ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lokacin aikin don takardu, ya kuma faɗa wa masu ba da kuɗi haka tun ranar farko, domin su sukan lissafa kamar ranar da kuɗi ya shiga ake fara hira. Ya sa fassara, tambur, kofi, goron fada da zirga-zirgar Tawa a kasafi. Ya ɗauki masu tambaya 'yan yankin, har da mata, domin akwai zauren da namiji baƙo ba zai wuce ba. Kuma ya duba ranar da izininsa zai ƙare: namu ya kusa cika muna tsakiyar aiki, sai muka nemi ƙari tun da sauran wata guda, da gajeren rahoton abin da aka yi da sabuwar wasiƙar shugaban cibiya. Bayan kammalawa mun ajiye kofin cikakken rahoton a ma'aikatar, da ofishin gwamna a Tawa, da wurin parfe, kowanne kuma mun karɓi shaidar ajiya mai lamba, domin ita za a fara tambayarmu idan muka koma neman izinin kashi na biyu, wanda muke son yi a Madawa da Bangi.